Tuna baya: Oumarou Ganda, ɗan dakon Abijan da ya ciyo wa Nijar kambun fim na Afirka

Duk wanda ya taɓa zama a Yamai ya san CCOG. Can ake zuwa kallon mawaƙa da wasannin kwaikwayo da bukukuwan ɗalibai, kuma direban tasi ba ya neman kwatance idan an ambaci wurin. Sai dai a cikin masu cika dandalin a daren Asabar, ba kowa ne zai iya gaya maka mai haruffa biyun ƙarshe na sunan ba. O da G ɗin nan su ne Oumarou Ganda, tsohon soja, tsohon ɗan dako, ɗan wasan fim kuma mai ba da umarni, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45. Shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, a 1972. Daga wannan shekara zuwa yau babu wani ɗan Nijar da ya sake ɗauko ta.

'Yan ci-rani ne ya kamata su fi kowa sanin labarinsa, domin hanyar da suke bi yau ita ya bi. Saurayin da ya baro Azagor ko wani ƙauye na Dakoro bayan damina, ya nufi Abijan ko Legas ko Libiya da ƙaramar jaka, yana lissafin abin da zai komo da shi, da kunyar da zai sha idan ya komo hannu rabbana, shi ne mutumin da Ganda ya fara ɗora wa kyamara tun shekaru fiye da 50 da suka wuce. Kuma bai yi hakan daga nesa ba, kansa ya ɗauka.

Yaro a fagen yaƙin da ba nasa ba

An haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, Yamai kuwa ƙaramin gari ne a bakin kogin Kwara. Ya yi makarantar firamare a nan, bai wuce ta ba. A 1951, yana ɗan shekara 16, ya shiga sojan Faransa, aka sa shi cikin rundunar da ake turawa Gabas Mai Nisa. Faransa na yaƙi ne a yankin Indochina, wato Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yau, tana ƙoƙarin hana mayaƙan Ho Chi Minh ƙwace ƙasarsu. Ta kwashi dubban 'yan Afirka ta kai su, 'yan mulkin mallaka suna yaƙar 'yan'uwansu 'yan mulkin mallaka a madadin wanda ya mallake su duka.

Ganda ya yi shekara biyu a Asiya. Yaƙin ya ƙare wa Faransa da kunya: sansaninta na Dien Bien Phu ya faɗi ranar 7 ga Mayun 1954, aka sa hannu kan yarjejeniya a Janeba, ta tattara ta fita. A 1955 Ganda ya ajiye kaki ya dawo gida, yana da shekara 20, ba sana'a, ba takardar makaranta mai nauyi, ba aiki.

Mazan jiya na wancan zamani ba su ga da kyau ba. Waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na biyu aƙalla sun dawo da sunan nasara. Na Indochina ko wannan ba su samu ba. Daga baya ma, a ƙarshen 1959, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, Bafaranshe na karɓar ƙari kowace shekara, abokin yaƙinsa na Afirka yana nan a kan kuɗin da. Sai a shekarun 2000 aka fara gyara wannan zalunci, lokacin mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Da zaman Yamai ya gagara, Ganda ya yi abin da samarin zamaninsa ke yi, ya gangara kurmi. Abijan a lokacin tana tashe. An buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jirage suka fara shigowa har cikin gari, koko da gahawa da katako na fita, ana neman majiya ƙarfi. Ya sauka a Treichville, unguwar baƙi da talakawa, wadda ke kallon Plateau, unguwar Turawa da ofisoshi, daga ƙetaren ruwa. Ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, irin leburan da ake ɗauka kullum-kullum: in an zaɓe ka da safe ka ci, in ba a zaɓe ka ba ka koma.

Edward G. Robinson na Treichville

A nan ya gamu da Jean Rouch. Rouch Bafaranshe ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya koma mai nazarin al'adu, ya riƙi kyamara. Yana bin sawun 'yan Nijar masu ci-rani a gaɓar teku, ya riga ya yi fim a Akara kan 'yan borin Hauka, fim ɗin da ya tayar da ƙura sosai. Ya ɗauki Ganda aikin tattara bayanai a bincikensa kan baƙin da ke shigowa Kwaddibuwa. Daga nan aka zarce zuwa fim.

Sunan fim ɗin Moi, un Noir, wato “Ni, baƙar fata”. An ɗauke shi a Treichville a 1957, ya fito a 1958. Babu rubutaccen labari. Wasu samari 'yan Nijar ne ke yin rayuwarsu a gaban kyamara na tsawon mako guda: neman aiki, dako, cin abinci a rumfa, barcin rana a gefen titi, wanka a teku ranar hutu, dambe, rawa, mashaya, sallah, sannan Litinin ta sake zagayowa.

Abin da zai ba mai kallon yau dariya, ya kuma sa shi tunani, shi ne sunayen da suka laƙaba wa kansu. Ganda shi ne Edward G. Robinson, sunan wani tauraron Amurka da ya yi fice a fitowa a matsayin ɗan daba. Abokinsa Petit Touré, mai tallan yadi kuma mai farin jinin 'yan mata, shi ne Eddie Constantine, Ba'amurken da ke fitowa ɗan sandan ciki a fina-finan Faransa. Direban tasi Alassane Maïga shi ne Tarzan. Yarinyar da Robinson ke mutuwar so kuwa ita ce Dorothy Lamour. Ba Rouch ne ya ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, a gidajen silima suka samo ta. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ko Damagaram a zamanin fina-finan Indiya da na kaboyi da na Sin ya san yadda kowace unguwa take da nata Django da nata Bruce Lee. Talaka ya biya kuɗin shiga, ya fito da sunan da ya fi aljihunsa nauyi.

Kyamarar Rouch ƙarama ce ta hannu, ana wana ta kamar agogon da, ba ta ɗaukar abin da ya wuce 'yan daƙiƙoƙi kafin a sake wana ta, kuma ba ta ɗaukar sauti tare da hoto. Wannan naƙasu shi ya zama arzikin fim ɗin. Bayan an haɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana, yana faɗin abin da ya zo bakinsa. Muryarsa ce ke jan fim ɗin daga farko har ƙarshe: yana ƙorafi, yana cika baki, yana zolayar kansa, yana mafarkin zama zakaran damben duniya kamar Sugar Ray Robinson, yana mafarkin gida da mota da Dorothy Lamour a matsayin matarsa. Da gari ya waye sai ya tarar wani Baturen jirgin ruwa ɗan Italiya ne a ɗakinta, suka kaure da faɗa a cikin taɓo, aka lakaɗa masa duka. Shi kuwa Eddie Constantine ya ƙare a gidan kaso saboda rigima da ɗan sanda.

Wurin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne ƙarshen fim ɗin. Robinson na tafiya a bakin ruwa da wani yaro, yana ba shi labarin Indochina. Sai labarin ya kwashe shi, ya fara kwantawa a ƙasa, yana rarrafe, yana kwaikwayon jefa gurneti, yana nuna yadda abokai ke faɗuwa a gefensa. A nan babu Edward G. Robinson, Oumarou ne kawai da abin da ya gani yana ɗan yaro.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis-Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim a Faransa. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin mai sharhin fina-finai ne, ya yaba shi matuƙa, kuma masana da yawa na ganin tasirinsa a fim ɗinsa na farko, À bout de souffle, da ma sabon salon da matasan Faransa suka ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1950. Wato yadda wani ɗan dako daga Yamai ke magana da tafiya a titin Treichville ya shiga cikin tarihin silimar Turai.

Amma sunan wa ke kan fim ɗin? Na Rouch. Shi ya karɓi kyauta, shi aka gayyata taruka. Ganda, wanda rayuwarsa ce, muryarsa ce, kalmominsa ne, ya zauna a layin 'yan wasa. Wannan tambaya ta daɗe tana bin fina-finan Rouch. Ousmane Sembène na Senegal, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne kuma tsohon ɗan dako a tashar Marseille, ya taɓa fuskantar Rouch a 1965, ya zarge shi da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari. A ganina zargin ya yi wa Moi, un Noir tsauri, domin a cikinsa baƙar fata ya yi magana da bakinsa fiye da yadda aka saba gani a lokacin. Amma wanda ke riƙe da almakashin tace fim shi ke da maganar ƙarshe, kuma almakashin ba a hannun Ganda yake ba. Dangantakarsu dai ba ta yanke ba. Rouch ne ya ba shi shawarar komawa gida, kuma shekaru bayan haka Ganda ya sake fitowa a fim ɗinsa Babatu, wanda ya shiga gasar Cannes a 1976.

Cabascabo: ya karɓi kyamarar da kansa

Ya koma Yamai, Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, Diori Hamani na mulki. A Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar akwai wata ƙungiyar masu sha'awar fim, inda ƙwararru ke koya wa matasa riƙon kyamara da ɗaukar sauti da ba da umarni. Ganda ya shiga, ya zama mataimakin ma'aikatan fasaha. Makarantar fim ɗinsa ke nan gaba ɗaya. A 1968 aka shirya gasar rubuta labarin fim, ya rubuta nasa. Shi ne Cabascabo.

Fim ne na minti 45, baƙi da fari, da Zabarmanci, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne jarumi. Cabascabo soja ne da ya dawo daga Indochina da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya ɗauka, dangi da abokai da maroƙa suka yi masa caa, kowa na kiran sa namijin duniya. Yana ba da labarin yaƙi a mashaya, fim ɗin na komawa baya yana nuna abin da ya faru a can, da irin wulaƙancin da sojan Afirka ke sha a hannun manyansa. Yana rabon kuɗi kamar ba za su ƙare ba. Suka ƙare. 'Yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa suka watse, macen da ke tare da shi ta juya baya, neman aiki ya zama tozarci. A ƙarshe ya saɓi gatari ya nufi daji.

Labarin da Robinson ya bayar cikin 'yan mintoci a bakin ruwan Abijan, shi ne Ganda ya dawo ya buɗe shi da hannunsa, yadda yake so a gan shi. Bai yi wa Faransa da sauƙi ba, amma abin lura shi ne bai yi wa mutanen gida da sauƙi ba su ma. Rabin ciwon Cabascabo daga bariki ya zo da shi, rabi kuwa a unguwarsu aka ji masa. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa dawowa da salla, ya ga yadda ake cika ɗakinsa a makon farko, ya ga yadda ɗakin ke zama kango a mako na huɗu, ba ya buƙatar a fassara masa wannan fim ko da bai ji Zabarmanci ba.

A 1969 aka nuna Cabascabo a sashen masu sharhi na bikin Cannes, ya kuma sami lambar yabo a bikin fina-finai na Mosko. Mutumin da shekara 12 kafin nan yake sauke buhuna daga jirgi, yanzu sunansa ne a kan allo a matsayin mai fim.

Alhaji, amarya da dokin Yennenga

Fim ɗinsa na biyu shi ya kai shi ƙololuwa. Sunansa Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azin da muka sani, don haka tun daga sunan akwai zolaya: mai wa'azi, mai tara mata. Wani mutum ne ya dawo daga Makka, ana kiran sa Alhaji ana durƙusa masa. Yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satou, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alƙawarinta. Kuɗi da rawani suka yi aikinsu, iyaye suka sauya magana, Garba ya bar ƙauye ya tafi birni da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ƙi yarda da kishiya, ta ƙudura kashe amarya a daren biki. Cikin duhu ta kashe ƙawar amarya.

Mai kallon fina-finan Kano zai ce ai wannan labarin ya san shi. Gaskiya ne, auren dole da kishi da attajirin da ke ƙwace budurwar talaka su ne abincin Kannywood na yau da kullum. Sai a tuna cewa Ganda ya yi nasa ne kusan shekara 20 kafin Turmin Danya, fim ɗin bidiyo da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, wanda ake ƙirga farkon masana'antar daga kansa. Ya ma riga Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976. Kuma ya yi shi ba waƙa, ba rawa, ba wani malami da zai fito a ƙarshe ya daidaita kowa. Ba addini yake suka ba. Mutumin da ya mai da aikin hajji hular da zai rufe son zuciyarsa da ita, shi yake nunawa da yatsa, a zamanin da faɗin haka a fili ba ƙaramar kasada ba ce.

FESPACO ta fara ne a 1969 a matsayin makon nuna fina-finai, ba gasa. A 1972 gwamnatin ƙasar, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, ta mai da shi biki na hukuma, aka ƙirƙiro babbar kyauta mai siffar doki da mahayiya, Étalon de Yennenga, don tunawa da gimbiyar da Mosawa ke ɗauka uwar kakanninsu. Fim ɗin da ya fara ɗaukar dokin shi ne na Ganda, fim ɗin da bai cika awa guda ba. Bayansa ne irin su Souleymane Cissé na Mali, wanda ya ɗauka sau biyu, da Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso suka biyo. Najeriya, duk da yawan fina-finanta, sai a 2007 ta ɗauka, da fim ɗin Ezra na Newton Aduaka.

Matasa da yawa za su yi mamakin jin cewa a wancan lokaci Nijar tana sahun gaba a harkar fim a Afirka ta Yamma. Ga Moustapha Alassane, wanda ya yi fina-finan zane da kwaɗi yana zolayar shugabanni, ya kuma yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin wani da ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye. Ga Djingarey Maïga, ga Inoussa Ousseini. Kusan dukkansu suna fitowa a fina-finan juna, yau kai ne mai umarni, gobe kai ne ɗan wasa ko mai riƙe fitila.

Ga kuma Zalika Souley, wadda ba a yin maganar Ganda a tsallake ta. Ta fito a Cabascabo, ta fito a Le Wazzou polygame, ta fito a fina-finansa na baya. Yawanci ita ake ba matsayin macen banza ko muguwar kishiya, kuma jama'a ba su raba fim da gaskiya ba: ta sha zagi da tsangwama a gari saboda abin da aka ga ta yi a allo. Da harkar ta mutu, tauraruwar da ta wakilci Nijar a bukukuwan duniya ta koma rayuwar talauci, har ta tafi Amurka aikatau. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005. Ta rasu a 2021. Masu bibiyar yadda tsofaffin 'yan wasan Hausa ke ƙarewa da neman taimakon kuɗin asibiti a Facebook sun san wannan ba tsohon labari ba ne.

Bayan dokin Yennenga, Ganda ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, inda ya fito da kansa a matsayin malamin tsibbu mai haɗa matar aure da wani mai kuɗi. Ya kuma yi wasu fina-finan gaskiya.

Sai dai yin fim abu ne, a gan shi abu ne daban. Kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba fina-finai da mafi yawan gidajen silima a ƙasashen Afirka renon Faransa. Ribarsu tana cikin tsofaffin fina-finan Amurka da Indiya da Faransa da suke samu da araha. Kuɗin yin fim ɗin Afirka da aikin tace shi kuwa galibi daga Paris suke zuwa, ta hannun ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa. Sakamakon haka, ya fi sauƙi ɗalibi a Paris ya ga fim ɗin Ganda fiye da manomi a Dakoro, wanda labarin ya fi shafa.

Alƙawari kaya ne

Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, wato wanda ya yi gudun hijira, ya fito a 1980, kuma shi ne mafi tsawo a cikin ayyukansa. Wani jakadan Afirka ne da ya bar ƙasarsa yake ba abokansa Turawa tatsuniya. Wani sarki mai yawon dare a ɓoye ya ji wasu 'yan'uwa biyu suna cewa in dai za a aura musu 'ya'yan sarki, sun yarda a sare kawunansu bayan shekara. Sarki ya aura musu. Shekara ta cika, ya aiko a cika magana. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya yi ta yawo har ya zama sarki a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta daina bin sa ba, sai da ya biya da ransa.

An yi fim ɗin ne shekara shida bayan sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché sun kifar da Diori a watan Afrilun 1974, a nahiyar da alƙawuran 'yancin kai suka zama abin da kowa ya gani. Ganda bai ambaci sunan kowa ba. Ya ɗauko tatsuniya ya ajiye a gaban masu mulki da talakawa, ya bar kowa ya auna nauyin bakinsa. Fim ɗin ya nuna mutum da ya fara sabon babi, ya bar labarin kansa ya shiga taskar gargajiya da ƙarfin gwiwa.

Bai samu ya ci gaba ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Yamai ranar farko ta shekarar 1981, yana cikin shirin wani sabon aiki. Gwamnati ta sa sunansa a cibiyar al'adun da aka ambata a farko. FESPACO ta ƙirƙiro kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba mai ba da umarnin da ya fi burgewa da dogon fim ɗinsa na farko. A bikin 1981, makonni kaɗan bayan rasuwarsa, Kwaw Ansah na Gana ya karɓe ta da fim ɗin Love Brewed in the African Pot.

Abin da ya biyo baya a Nijar ba mai daɗin faɗi ba ne. Kuɗin yuraniyom ya ja baya a shekarun 1980, tallafin gwamnati ya ƙafe, bidiyo ta shigo, gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kaset-kaset na Kano suka cike gurbin a Maraɗi da Damagaram da Tawa har da Yamai. Jean Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai, cibiyar da Ganda ya koyi fim a cikinta ta ɗauki sunan Rouch har zuwa 2024. Moustapha Alassane, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya rasu a 2015. An gyara Moi, un Noir an sake fitar da shi, ana koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka. Fina-finan da Ganda ya yi da hannunsa kuwa, samun su ya fi wuya nesa ba kusa ba, sai a bukukuwan fim da ɗakunan ajiya na waje. Har bayan mutuwa, an fi jin muryarsa a fim ɗin wani fiye da nasa.

Duk da haka zaren bai tsinke ba, kuma a ƙasar Hausa ya sake ɓullowa. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta ɗauki kyamara ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim ɗin Zinder a 2021, kan samarin da gari ya yasar, suna ba da labarinsu da bakinsu. Kafin ita, Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi Koukan Kourcia a 2010. A ciki ya je ya nemo wata tsohuwar zabiya, Hussey, wadda waƙoƙinta a da suke zuga samarin yankin su bar gida su tafi neman arziki a kurmi. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Ya roƙe ta ta bi shi, suka hau mota suka ratsa ƙasashe har Abijan, don ta yi wa tsohon wata waƙar da za ta sa ya tattara kayansa ya koma gida.